Kofin Zinariya da Kofin Rago

Lemoenkuil, 9 ga Maris

Makazi Nontembiso, yayar mahaifiyata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar nan taki, yaya kunnen, yaya awaki? Ni ina nan lafiya lau, sai dai iskar garin nan ta busar mini da fata. Na ba Mzwandile direba wannan takarda tunda kin ce waya ta magulmata ce, ko da yake ni da ke mun san ba kya jin abin da ake faɗa a cikinta ne. Ki yi haƙuri, da Mama na raye ita ma haka za ta ce.

Yau watana uku a gidan tsofaffin nan na coci. Mutum ashirin da huɗu muke kula da su, mu huɗu. Babban labari shi ne Sista Plaatjies, wadda ta riƙe gidan shekara talatin da ɗaya, ta yanke jiki ta faɗi a kicin makon jiya. Ɓarin jikinta ya shanye, magana ba ta fita, ɗanta ya zo ya tafi da ita. Ita kaɗai ce nas a gidan. Kwamitin coci suka zauna, suka sha shayi, suka kawo mana Meneer Badenhorst, wanda ya shekara ashirin yana manajan shagon sayen ulu. Mutumin kirki ne, yana gaisuwa. Amma kullum da safe in ya shigo falo sai in ga leɓensa na motsi, ashe ƙirga su yake yi. In sun cika ashirin da huɗu sai ya yi murmushi ya koma ofis.

Da ya ji ina son karatun jinya, sai ya miƙo mini makullin ɗakin magani. Na ce, "Meneer, ni fa mai wanka da gyaran gado ce." Ya ce, "Kin iya ƙirga zuwa uku? To kin iya aikin."

Ki zauna kafin ki karanta abin da ke tafe. A gidan nan masu suna Maria uku gare mu, masu suna Van Wyk huɗu, kuma tsofaffin ma'aikata ba su yi nisa a karatu ba, don haka tun da daɗewa Sista ta daina aiki da suna. Kowane tsoho yana da kofin shayinsa da ya zo da shi daga gida, babu biyu iri ɗaya. In magani ya zo daga asibiti sai ta juye na kowa a kwalbar jam, ta yar da kwalin, ta zana hoton kofinsa a jikin kwalbar, ta rubuta, "fari biyu da safe, ja ɗaya da yamma." Ni aikina in jera kofuna in zuba ƙwayoyi a ɗan farantin kowanne. Anti Griet mai shayi ita ta san bakin da kowane kofi ke zuwa. Lokacin da take rabawa ni ina can ina yi wa na kwance wanka.

Makarantar jinya za ta rufe karɓar takardu a ƙarshen Yuni. Abu ɗaya ya rage mini, takardar shaida daga shugaban wurin aiki. Meneer ya ce in kwantar da hankalina, tamkar tana hannuna ce.

Af, akwai wani Sarel a nan da ya matsa mini lamba. Gonar tumaki gare shi, matarsa ta rasu, kullum sai ya ce in aure shi. Jiya tun safe ya ɓoye mini biskit a aljihunsa. Ban dariya gare shi, Makazi, ranar da ban zauna da shi ba sai in ji ranar ba ta cika ba.

'Yarki,
Zukiswa

Cofimvaba, 22 ga Maris

Zukiswa 'yata,

Takardarki ta iso. Gwiwa tana nan inda kika bar ta. Kunnena lafiyarsa ƙalau, mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki in za su yi magana. Baƙar akuya ta haifi biyu.

Na zauna kamar yadda kika ce, sai ga ni tsaye ban san lokacin da na miƙe ba. Magani a kwalbar jam! Hoton kofi! Shekara talatin da takwas na yi da farar hula a kaina ban taɓa jin irin wannan sakarci ba, kuma na yi aiki da likitan da ke rubuta magani a bayan kwalin taba. Ki buɗe kunnenki. Ana ba mutum magani ne, ba kofi ba. Ki kalli fuskarsa, ki kira sunansa, ki karanta kwali, ki tsaya har ya haɗiye, sannan ki sa hannu. Kada ki taɓa sa hannu a kan abin da idonki bai gani ba. Na sa ɗalibai da yawa kuka a kan wannan magana, kuma ba na nadama. Ki gaya wa mai ulun nan naku ya nemo nas.

Yanzu zancen da ya hana ni cin abinci. Sarel wa? Su waye iyayensa? Wane coci yake zuwa? Kin tafi neman ilmi kin ɓige da cin biskit daga aljihun namiji. In da gaske gona gare shi, me yake yi a gidan tsofaffi da rana tsaka, wa ke duba masa tumakin? Kuma ki sanar da shi tun wuri, mu da shanu ake biyan sadaki a gidanmu, kada ya koro mana tumaki ƙofar gida ya ba mu kunya. Ban ce na yarda ba. Na dai gaya wa kawunki Sipho ya fitar da kwat ɗinsa ya shanya, ko da za a buƙata.

Ki riƙa shafa mai, ki riƙa zuwa coci.

Makazinki,
Nontembiso

Lemoenkuil, 13 ga Mayu

Makazi,

Gaisuwa da fatan alheri, ina yi wa baƙar akuya barka. Ki yafe mini jinkiri, aiki ne ya sha kaina. Ki ce wa Kawu Sipho ya mayar da kwat cikin akwati. Sarel shekararsa tamanin da takwas, idonsa ya mutu shekara goma sha biyar da suka wuce, haƙoransa a kofin ruwa suke kwana. Shi ya hana ni ce masa Oom, wato kawu, yadda ake kiran dattijai a nan, wai yana tsufar da shi. Na karanta masa zancen shanu, ya yi dariya har sai da na buga masa baya. Ya ce in gaishe ki, in tambaye ki ko ke kina da miji.

Na gaya wa Meneer maganar nas. Ya ce ya rubuta a jerin abubuwan da za a duba. Abin da ya fara dubawa shi ne Anti Griet. Ya ce bai ga dalilin ajiye mutum guda don raba shayi kawai ba, ya sallame ta. Ta cire ɗankwalin aiki ta ɗora masa a tebur, ta tafi wurin 'yarta a wata gonar inabi mai nisa, ko waya babu. Kwana biyu na farko ba mu sha wahala ba, don in an tura keken shayi kowane tsoho yakan miƙa hannu ya ɗauki nasa.

Sai ranar Asabar, ranar gwanjon coci, wadda ta faɗo a ranar hutuna. Meneer ya daɗe yana cewa kofunan nan sun sa gidan ya yi kama da shagon tsofaffin kaya. Ya kwashe su kaf ya kai gwanjo, ya sayo farare tas guda ashirin da huɗu, duk iri ɗaya. Ranar Lahadi na shigo ɗakin magani na tarar da su a jere suna ƙyalli, ga kwalabe ashirin da huɗu da hotunan kofunan da yanzu ke warwatse a gidajen mutanen gari. Ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran yabo.

Na ce, "Meneer, yanzu maganin wa zan ba wa?" Ya daɗe yana kallon kwalaben, na ga wuyansa ya yi ja. Can ya ce, "Abu mai sauƙi. A tambaye su."

Muka tara su a falo, ina ɗaga kwalba yana cewa, "Na wa?" Ashirin da ɗaya suka amsa ba gardama. Saura kwalba uku: kofi mai bakin zinariya, kofi mai shuɗin fure, da wani ƙaton kofi mai hoton rago, irin wanda masu sayar da maganin tsutsar tumaki ke rabawa kyauta. Saura mutum uku: Sarel da ba ya gani, Ouma Lena da ta shekara ba ta ce uffan ba kuma ba ta gane ko 'yarta, sai Tannie Hester. Ita Hester matar tsohon shugaban makaranta ce, har gobe da sarƙar wuya take cin kumallo, kuma tun zuwana ba ta taɓa ce mini sannu ba. Ta jira har aka ɗaga na zinariya, sannan ta ce, "Wannan tambaya ma cin fuska ce. Ku dube ni, ku dubi kofin."

Aka tambayi Sarel. Ya ce, "Yarinya, ni ina na san launi? Nawa dai akwai wurin da babban yatsana ke zama." Meneer ya tafa hannu ya ce, "Manomin tumaki, kofin tumaki. Fure na tsohuwa. An gama!" Ya duba agogo ya ce minti ashirin kacal, da Sista ce da sai ta kwana tana yi.

Na kira asibiti in tabbatar, suka ce ba sa faɗa wa wadda ba nas ba maganin marar lafiya, in jira Dakta Pillay ya zo Alhamis ɗin farko ta Yuni. Hankalina bai kwanta ba, Makazi.

'Yarki,
Zukiswa

Lemoenkuil, 19 ga Mayu

Makazi,

Ina gaisuwa, ina fatan kina lafiya. Ni jikina lafiya, sauran kuwa ki karanta ki gani. Ban jira amsarki ba, don maganar ba ta jira.

Kwana biyu da fara sabon rabo Sarel ya canza. Mutumin da ba ya rufe baki, sai ga shi ya fara, "Zukiswa, in kin aure ni zan ba ki..." ya ɓingire da barci, har yau ban san me zai ba ni ba. In ya farka kuma sai banɗaki. Ranar Laraba sau tara na raka shi kafin azahar. Ya ce mini, "Yarinya, ko dai an haɗa ni da famfon gari ne ban sani ba?"

Ita kuwa Tannie Hester sai rawar hannu da gumi cikin wannan sanyi, ga yunwa. Na kama ta a kicin tana shan jam da cokalin miya. Abin da ya fi tsorata ni shi ne ranar Alhamis ta riƙe hannuna ta ce, "Sannu da aiki, 'yata." Nan na san ba lafiya ba.

Ranar Juma'a da hantsi ana waƙar yabo a falo, tana tsakiyar jan baiti, sai ta sulale daga kujera. Jikinta sanyi ƙalau, ga gumi sharkaf. Meneer ya fito da gudu yana kiran a kawo ruwa, a kira fasto, a buɗe taga, a rufe taga. Ni kuwa sai na tuna ranar da maƙwabcinki mai ciwon sukari ya faɗi a bakin shinge, da abin da kika yi masa. Na kwantar da ita a gefe, na lakato jam na shafa mata a dasashi. Na tsorata ƙwarai. Bayan 'yan mintoci ta buɗe ido, ta lashi baki ta ce, "Wannan ai jam ɗin arha ne."

Tannie Hester ba ta da ciwon sukari. Sarel ne ke da shi, shi ya gaya mini da bakinsa, ita kuma ta sha yi mini ƙorafin kumburin ƙafa da rashin barci. Na koma na tambaye ta a hankali ko ta tabbata da kofin nan. Ta ce in ƙara tambaya in ga yadda ake korar mutum. Na ɗauke kwalaben biyu na kulle, na hana Sarel duk wani abu mai zaƙi. Ya ce ya fasa auren.

Na gaya wa Meneer abin da nake zato, cewa an musanya maganin su biyun ne. Ya ce tsufa ne, tsofaffin tumaki ma haka suke faɗuwa. Jiya ya kira ni ofis. Takarda biyu a kan tebur, biro ɗaya a tsakani. Ta hagu takardar shaidata ce, an buga ta tsaf, ta ce ni haziƙa ce mai gaskiya, saura sa hannunsa. Ta dama ta ce an ba kowa maganinsa daidai yadda likita ya rubuta, kuma Hester ta faɗi ne don ba ta ci kumallo ba, saura sa hannuna. Matar da ta ci nata ta ci rabin na Ouma Lena! Ya ce, "Ba wanda ya mutu. In maganar ta fita za su rufe gidan, tsofaffin nan ina za su je? Ki sa, in sa. Kina da lokaci har likita ya zo."

Makazi, shekara huɗu ina jiran wannan dama, kin san haka. Kuma ba ƙarya ya yi ba, ba wanda ya mutu. Na san abin da kika rubuto mini a Maris, amma a lokacin ba ki san takardata ce a gefe guda ba. In sa hannu ko kada in sa? Ki ba Mzwandile amsa a wannan zuwan.

'Yarki,
Zukiswa

Lemoenkuil, 29 ga Mayu

Makazi,

Ina gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa kika yi shiru ba akasinta ba.

Sau biyu Mzwandile ya zo hannu wofi. Ya ce karon farko kin karɓi takardata kin rufe ƙofa, karo na biyu ya yi ta sallama ba ki fito ba, alhali ga tukunya a kan wuta. Na gane. Kin ga 'yar ƙanwarki ta ba tsohuwa maganin wani har ta kusa kashe ta, sannan ba ta ji kunyar tambaya ko ta rufe da ƙarya ba. Da zagina kika yi da ya fi mini sauƙi, don zaginki na saba da shi. Shirun nan ya yi mini ciwo, na yi kuka.

Tunda ba mai ba ni shawara, na fara bin gidajen mutane bayan tashi daga aiki da kwandon wanki a hannu, ina aron kofuna. Mutanen gari sun fara cewa 'yar gidan tsofaffi ta taɓu.

Zukiswa

Lemoenkuil, 8 ga Yuni

Makazi,

Ina gaisuwa, ko kin amsa ko ba ki amsa ba. Yaya gwiwa? Na ga ya kamata ki ji ƙarshen zancen daga bakina.

Na samo kofi ashirin da biyu, biyu sun fashe. Na rago a shagon mahauci na same shi cike da biro. Mai shuɗin fure wata mata ta shuka barkono a ciki. Na zinariya kuwa yana cikin kabad ɗin gilashin matar fasto, sai da na rantse mata da kabarin Mama kafin ta sake shi.

Ranar Lahadi da la'asar na wanke su na jera a babban tebur, ban ce wa kowa komai ba. Na kamo hannun Sarel na ce ya laluba. Ya taɓa na rago ya ture ya ce, "Wannan bokiti ne." Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har yatsansa ya faɗa wani ɗan gurbi a hannun kofin zinariya. Ya ce, "Yauwa, ga ka nan." Na ce, "Sarel, ka san bakinsa zinariya ne?" Ya ce, "Matata Elsabe ce ta saya mini bayan idona ya tafi. Ta ce na arha ne, don kada in yi faɗa. Ka ji mata, shekara goma sha biyar!" Yana dariya hawaye na bin gemunsa.

Kowa ya juya ya kalli Tannie Hester. Ta gyara sarƙarta ta ce, "To, sai me? Shekara goma sha ɗaya ina shan shayi a kofin maganin tsutsa, don shi ɗana ya ga dama ya kawo mini ranar da ya ajiye ni a nan. Shi kuma wannan da ba ya ko gani yana sha a zinariya. Na zaci kofi za a sayo wa kowa irin nasa. Wa ya ce mini zancen magani ne?" Na zo da niyyar jin haushinta, sai na ji tausayinta ya kama ni. Sarel ya ce ta riƙa sha a nasa kowace Lahadi. Tun ranar ita yake nema da aure, ni an yar da ni.

Muna cikin haka sai Ouma Lena ta miƙa hannu, ta jawo mai shuɗin fure ta rungume a ƙirji, ta ce, "Nawa." Kalma ɗaya ke nan a shekara guda. Na fita waje na ɗan tsaya a bayan tankin ruwa.

Tunda an gane na kowa, sai na ce a raina shi ke nan, gyara ya samu, in sa hannu a wuce wurin. Har na ɗauki biron ranar Laraba. Sai na tuna kwalabe ashirin da ɗaya da aka raba da ɗaga hannu, ba wanda ya duba su. Na ajiye.

Ranar Alhamis Meneer ya ɗaura nakatayi, ya tarbi Dakta Pillay da shayi a farin kofi. Ni kuma na shigo da kwandon wanki, na jera masa kwalabe ashirin da huɗu a tebur, na faɗi komai, har da cewa hannuna ne ya zuba wa Hester ƙwayar. Ban tsallake komai ba. Likita ya cire tabarau ya faɗi wata kalma da ba zan rubuta miki ba. Ya wuni yana gwada kwalabe da fayil. Ya gano biyu daga cikin Mariyoyin sun shekara biyu suna shan na juna, tun zamanin Sista.

Ba a rufe gidan ba. Yanzu nas na zuwa daga asibiti safe da yamma, magani a kwalinsa, da suna da hoton fuska. Kwamiti sun zauna sun sha shayi, sun ce Meneer ya ci gaba kafin a duba. Ya karɓe makulli, na koma wanka da gyaran gado. Da na tambayi takardata sai ya ce bai san inda ta shiga ba, kuma injin bugawa ya lalace, mai gyara sai Yuli. Likita ya so ya rubuta mini, amma makaranta ta ce sai ta shugaban wurin aiki. Bana dai ta wuce ni.

Ban sani ba ko abin da za ki ce in yi ke nan. Ki daina fushi, don Allah.

'Yarki,
Zukiswa

Cofimvaba, 16 ga Yuni

Zukiswa 'yata,

Takardunki duka sun iso. Gwiwa da sauƙi. Kunnen nan kuwa gaskiyarki ce, ba ya ji sosai, amma sallamar Mzwandile na ji ta sarai. Ina bayan garken awaki a tsugune har ya tafi, mace mai shekara saba'in da ɗaya. Wake ya ƙone a tukunya.

Ba fushi nake da ke ba. Sau uku na zauna in ba ki amsa. Ta farko na rubuta, "Sa hannu, ba wanda ya mutu, kada ki yi asarar shekara." Na jefa ta a wuta. Ta biyu na rubuta, "Kada ki sa," sai na ga ba ni da bakin faɗin haka. Ta uku ban wuce gaisuwa ba.

A shekarata ta biyu da fara aiki, a ɗakin maza, an wanke ƙasa da rana aka mayar da gadaje ba yadda suke ba. Ni kuma lambar gado na bi, ban kalli fuska ba, ban kira suna ba. Na yi wa mutum allurar maƙwabcinsa. Kafin la'asar ya cika. Babbar sista ta kira ni ofis, takarda ɗaya a tebur, an rubuta zuciyarsa ce ta tsaya. Lokacin mahaifiyarki tana aji bakwai, ni ke riƙe da gida. Na sa hannu, Zukiswa. Matarsa ta zo ɗaukar kayansa har ta yi mini godiya. Duk tsawar da na yi wa ɗalibai shekara talatin da shida daga wannan yinin ta fito. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko mahaifiyarki.

Kin tambaye ni abin da za ki yi, na ɓuya a bayan awaki, kika yi abin da ni na kasa. Shekara ɗaya ta tafi, na san da zafi, ba zan ce miki ba komai ba ne. Baɗi za ki nema, kuma ni da kaina zan zo in zauna a ofishin mai ulu har injinsa ya warke. Ki gaya wa Sarel ba ni da miji, amma ya makara, ba na karɓar ragowar Hester.

Ki buɗe ƙullin da ke cikin ambulan. Agogon ƙirjina ne na aiki. Na ajiye shi ne sai ranar da kika gama makaranta, amma na ga ba sai na jira ba. Yana gaba da minti huɗu, ki riƙa cirewa kafin ki rubuta lokaci a takardar wani.

A takardar da na sa wa hannu "gado na tara" aka rubuta. Sunansa Gcinikhaya Mbete. Yau ne karo na farko da na rubuta shi.

Makazinki,
Nontembiso